Tafin Ƙafa da Ciwon Gwiwa, Ƙugu da Baya: Ina Gaskiyar Alaƙar Take?

Shin da gaske yanayin tafin ƙafar mutum da yadda yake taka ƙasa ne ke jawo masa ciwon gwiwa, ciwon ƙugu da ciwon bayan nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa? Tambayar ta yawaita tun da masu tallan shimfiɗar cikin takalmi, da abin da suke kira takalmin lafiya, suka cika Facebook da TikTok. Za ka ga an nuno zanen ƙwarangwal, an ja jan layi daga dunduniya har wuya: ƙafa ta karkace, gwiwa ta bi ta, ƙugu ya jirkice, kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya. Sai a zura wata 'yar roba a takalmi, layin ya koma kore, mutum ya miƙe sambal. Daga nan sai lambar waya da farashi.

Ba 'yan talla ne kaɗai ke kan wannan fahimta ba. Wanda ya taɓa karanta sharuɗɗan shiga aikin ɗan sanda a Nijeriya ya ga an jera shimfiɗaɗɗen tafi, gwame da ƙafar baka cikin abubuwan da ke sa a mayar da mutum gida. Iyaye ma hankalinsu kan tashi in suka ga tafin yaro ya kwanta gaba ɗaya a ƙasa, har a shiga neman takalmin gyara.

Alaƙar dai akwai ta, babu mai musu. Amma ƙarfinta a ƙafar kanta yake da ƙwauri. Tana isa gwiwa ta yi rauni, kafin a kai baya kuma sai an ƙura ido ake ganinta. Sannan irin karkacewar da ta fi cutar da mutanenmu ba ita ce wadda ake tallan maganinta ba.

Abin da ƙafa ke yi a kowane taku

Daga idon sawu zuwa yatsu, ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓɓai 33, ga tsokoki da jijiyoyi sama da 100 da suka ɗaure su. Ƙafa biyu sun kwashe ƙasusuwa 52 ke nan, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na 206 ɗin da ke jikin baligi. Ƙasusuwan ba a kwance suke ba, sun yi tudu ta gefen ciki. Shi ya sa idan mutum ya idar da alwala ya taka busasshen siminti, sawunsa ba ya fita duka. Dunduniya ta fito, gefen waje ya fito, gindin yatsu ya fito, amma tsakiya ta ciki babu ko ɗigon ruwa. Wannan wurin da bai taɓa ƙasa ba shi ne kwarmin tafi. Na wani mai zurfi ne har sawun ya kusa rabewa biyu, wani kuma babu shi sam. Yawancin mutane suna tsakani.

Baya ga siffar ƙasusuwan, abubuwa uku ne ke riƙe da kwarmin. Akwai wata faffaɗar jijiya mai tauri da ta taso daga dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Akwai wata siririya da ta sauko daga sha-raɓa, ta zagayo ta bayan ƙashin idon sawu na ciki, ta kama tsakiyar ƙafa. Sai ƙananan tsokokin da ke cikin tafin.

Idan mutum yana tafiya, gefen dunduniya na waje ne ke fara sauka. Daga nan ƙafar ta ɗan mirgina ciki, kwarmin ya ɗan kwanta, ya shanye ƙarfin dirar. Da nauyi ya wuce gaba, dunduniya ta ɗaga, babban yatsa ya lanƙwashe, faffaɗar jijiyar nan ta ɗaure tamau, kwarmin ya sake tashi, ƙafar ta yi tauri ta tura jiki gaba. Kowa na iya gani da idonsa: zauna, ka aje tafinka a ƙasa, ka sa hannu ka ɗaga babban yatsa sama. Za ka ga kwarmin ya ƙara zurfi.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, mirginawa ciki ba cuta ba ce, aikin ƙafar ke nan. Na biyu, cinyewar dunduniyar takalmi ta gefen waje, wadda 'yan talla ke nunawa a matsayin shaidar matsala, ita ce cinyewar da aka fi gani a takalman masu lafiya ƙalau. Tambayi duk wani shumeka inda ya fi liƙa roba.

Gaskiya ne kuma cewa idan ƙafa ta mirgina ciki, ƙashin ƙwauri yakan ɗan juya ciki, gwiwa da cinya su ɗan bi shi. An auna wannan, ba ƙirƙira ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne: shin wannan 'yar juyawa ce ke haifar da ciwo?

Inda maganar daidaitacciyar ƙafa ta samo asali

A shekarun 1970 wani likitan ƙafa ɗan Amurka, Merton Root, da abokan aikinsa suka tsara yadda suke ganin lafiyayyiyar ƙafa ya kamata ta tsaya. Suka ce akwai wani matsayi na tsaka-tsaki, inda dunduniya ke tsaye cak a ƙarƙashin ƙwauri, ba ta karkata ciki ko waje ba, kuma duk ƙafar da ta kauce masa tana da aibun da zai tilasta wa sauran jiki ramawa. Magani shi ne a ɗauki gwajin ƙafar da filasta, a ƙera mata shimfiɗar da za ta mayar da ita kan layi. Wannan tunani ya shiga makarantun koyon aikin, ya shiga kamfanonin takalman gudu, har suka fara raba takalma gida-gida bisa zurfin kwarmin mai saye.

Abin da ya sa maganar ta karɓu shi ne tana da daɗin fahimta. Ana cewa ƙafa ita ce harsashin gini, in harsashi ya karkace dole bango ya tsage. Sai dai gini ba ya tafiya, ba shi da tsoka, kuma ba ya ƙara ƙarfi don an ɗora masa kaya. Jiki yana yin dukkan ukun. Ƙashi da jijiya suna ƙara ƙwari daidai da aikin da suka saba, kuma mutumin da ya tashi da kwantaccen tafi tun yarinta, gwiwarsa da ƙugunsa a kan wannan tafin suka girma. Da masu bincike suka koma suka auna ƙafafun mutanen da ba sa jin ciwon komai, sai aka tarar akasarinsu ba su cika ma'aunin Root ba. Ma'aunin da ya mayar da yawancin masu lafiya masu aibu kuwa, shi ne abin tuhuma.

Me aka gani da aka bi mutane aka ƙirga?

A 1993 aka wallafa wani bincike kan sababbin sojojin ƙasa na Amurka 246. An auna kwarmin tafinsu kafin su fara atisaye, aka bi su har ƙarshen horon. Waɗanda suka fi samun rauni su ne masu kwarmi mai zurfi. Masu kwantaccen tafi su ne suka fi tsira. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙafa mai zurfin kwarmi takan yi tauri, ba ta shanye dira sosai. A ganina wannan kaɗai ya isa a sake duba dokar da ke mayar da lafiyayyen matashi gida saboda sawunsa ya fito duka a ƙasa, alhali yana buga ƙwallo minti 90 ba ya ko ɗingishi.

A Denmak kuma, Rasmus Nielsen da abokan aikinsa na Jami'ar Aarhus sun ɗauki mutum 927 da ba su saba gudu ba, suka ba kowa takalmi iri ɗaya wanda ba ya gyara komai, suka bi su shekara guda. Mutum 252 suka ji rauni. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna masu ƙafa mai karkata ciki ba su fi sauran jin rauni ba. Sai dai masu matsananciyar karkata ba su da yawa a cikinsu, don haka ba a yanke hukunci a kan irin waɗannan ba.

Ɗaya ɓangaren ma yana da hujjarsa. A shekarar 2014 ɗin dai, wani nazari da ya tattara bincike masu yawa ya sami shaidar cewa karkata ciki na ƙara haɗarin ciwon nan na gefen ƙwauri da ke damun masu gudu da sababbin kurata, ko da yake ƙarin kaɗan ne. A garin Framingham na Amurka, inda aka daɗe ana bibiyar lafiyar mazauna, an duba manya 1,903, aka ga waɗanda tafinsu ya fi kwanciya sun ɗara sauran yiwuwar ciwon gwiwa da kimanin kashi 30 cikin 100, kuma an fi ganin zaizayewar guringuntsi a gefen gwiwarsu na ciki. Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma a lokaci guda aka duba ƙafar da gwiwar, don haka ba a san wanne ya riga wanne ba. Mai ciwon gwiwa yakan sauya taku don kare ta, kuma ƙafa na iya kwantawa saboda haka.

Da aka zo baya, abin ya ƙara sirancewa. A Framingham ɗin, cikin mutum 1,930, kwanciyar tafi ko zurfinsa a tsaye ba su nuna wata alaƙa da ciwon baya ba. An ga 'yar alaƙa ne kawai tsakanin mirginawa ciki lokacin tafiya da ciwon baya, ita ma a mata kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na irin wannan ciwo ba a iya ɗora shi kan wata cuta ko wani lahani guda. Duk wanda ya kalli hoton ƙafarka a waya ya ce ya gano sanadin ciwon bayanka, ya faɗi abin da likitocin da ke da na'ura a gabansu ba sa iya faɗa.

To me ke kawo ciwon?

Masu aikin gashin ƙashi na yanzu sun fi kallon abin ta fuskar kaya da ƙarfin ɗauka. Kowace jijiya da gaɓa tana da iyakar abin da ta saba ɗauka. Siffar ƙafa tana tsara inda nauyin zai fi taruwa ne, wani a dunduniya, wani a gefen gwiwa na ciki. Ciwo yana zuwa idan kayan ya wuce sabo, ko ƙarfin ɗaukar ya ragu.

Dubi alhazai. Dattijon da a gida tafiyarsa ba ta wuce masallaci da majalisa, ya je ya yi ɗawafi ba takalmi a kan marmara, ya yi sa'ayi wanda shi kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ya taka zuwa jifa a Mina cikin silifa kwana da kwanaki. Ya dawo dunduniya ta ƙi taka ƙasa. Ƙafar da ya tafi da ita ce, ba ta sauya siffa a jirgi ba. Haka ɗan bautar ƙasa a sansani, haka wanda ya sami aikin gadi ko ya koma tsayuwa a shago daga safe zuwa magariba a kan siminti.

Ciwon dunduniyar nan yana da alamar da ba ta ɓuya. Mutum ya farka sallar asuba, ya sauko da ƙafa, taku na farko ya ji suka a ƙasan dunduniya har sai ya dafa bango. Bayan 'yan taku ya lafa, in ya zauna ya daɗe ya sake miƙewa ya dawo. Faffaɗar jijiyar tafi ce ta gaji a inda ta kama ƙashi. Kusan mutum 1 cikin 10 kan gamu da shi a rayuwa, kuma mafi yawa yakan tafi cikin shekara. Idan aka yi hoto aka ga wani ɗan tsinin ƙashi a dunduniya, kada a firgita: mutane da yawa suna da shi ba sa jin komai.

Sai nauyin jiki, wanda ya fi zurfin kwarmi tasiri a gwiwa nesa ba kusa ba. Wani bincike na 2005 kan masu amosanin gwiwa ya nuna duk kilo 1 da mutum ya rage, nauyin da ke sauka kan gwiwa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo 4. Babu wata roba a kasuwa da ke yin wannan. Akwai kuma abin da zanen 'yan talla ba ya nunawa: umarni yana saukowa daga sama ma. Idan tsokokin ɗuwawu da na gefen ƙugu suka yi rauni, cinya kan juya ciki, gwiwa ta faɗa ciki, ƙafa ta kwanta. A irin wannan, ƙafar ba ta da laifi, biyayya ta yi. Ciwon da ya daɗe kuma, rashin barci, damuwa da tsoron motsi duk suna ƙara masa ƙaimi.

Shimfiɗar takalmi: tana aiki ko ba ta yi?

Tana yi, a wasu wurare, na ɗan lokaci.

A Ostireliya an gwada ta kan mutum 135 masu ciwon dunduniya. Wasu aka ba su ta bogi, wasu ta kanti, wasu wadda aka ƙera musu daidai ƙafarsu. Bayan wata 3 masu ta gaske sun ɗan fi samun sauƙi. Bayan shekara babu bambanci. Abin da ya fi shafar aljihu shi ne, ta kanti mai araha da wadda aka ƙera mai tsada kusan aiki ɗaya suka yi. A 2008 an yi irin wannan gwaji kan mutum 179 masu ciwon gaban gwiwa: shimfiɗar ta gaggauta sauƙi a makonni 6 na farko, amma ba ta fi motsa jikin da masu gashi ke koyarwa ba, kuma da shekara ta zagayo kowa ya tarar da kowa. Ga amosanin gwiwa, an daɗe ana sa rai da wata shimfiɗa mai tudu ta gefen waje. Aka gwada ta kan mutum 200 a Melbourne tsawon wata 12, ba ta rage ciwo fiye da shimfiɗa marar tudu ba. Ga baya kuwa, nazarin 2007 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya tana tacewa, ya ce shimfiɗar takalmi ba ta hana kamuwa da ciwon baya. Rundunonin sojin Amurka ma sun gwada raba wa dubban kurata takalma bisa siffar sawunsu, raunuka ba su ragu ba.

Shimfiɗa ba ta sake wa ƙashin baligi siffa. Abin da take yi shi ne ɗauke nauyi daga wurin da ya gaji zuwa wani wuri, har ya huta. Wannan amfani ne na gaske, kuma wanda dunduniya ta hana shi fita nema zai gode wa sauƙin wata 3. Amma a saye ta a kan haka, kada a sayar da akuya a kanta. Benno Nigg na Jami'ar Calgary a Kanada, wanda ya shafe shekaru da dama yana binciken takalma, ya kai ga cewa daɗin da mutum ke ji a takalmi ya fi ma'aunin kwarmi zama abin dogaro wajen zaɓe. Jiki magayi.

Takalmi biyu ne dai ba sa buƙatar dogon bincike. Mai tsini, wanda wani bincike na 1998 ya nuna yana ƙara matsi a gefen gwiwa na ciki da kusan kashi 23 cikin 100. Na biki da suna ne, ba na yini a ofis ba. Sai silifan da ya cinye ta gefe guda har dunduniya na zamewa ƙasa, wanda shi da kansa yake karkatar da ƙafar da ba ta karkace ba.

Yara

Kusan kowane jariri da kwantaccen tafi ake haifarsa. Kitse ya cike wurin, jijiyoyi kuma suna da laushi. Kwarmin yana fitowa a hankali, galibi tsakanin shekara 6 zuwa 10. Haka ma ƙafar baka kafin shekara 2 ba abin tsoro ba ce, sai ta juye gwame wajen shekara 3 zuwa 4, ta daidaita wajen shekara 7. Gwaji mai sauƙi: a sa yaron ya yi ɗage a kan yatsunsa, a duba ta baya. In kwarmi ya bayyana kuma ba ya kukan ciwo, a ƙyale shi.

A 1989 wani likitan ƙashin yara, Dennis Wenger, ya raba yara masu irin wannan tafi rukuni-rukuni a Amurka, wasu da takalmin gyara, wasu da shimfiɗa, wasu babu komai. Bayan shekara 3 duk sun gyaru daidai wa daida. A Indiya kuma, a 1992, an duba yara 2,300: cikin masu sa takalmi kashi 8.6 cikin 100 ne ke da kwantaccen tafi, cikin masu yawo ba takalmi kashi 2.8 kacal, kuma abin ya fi yawa ga masu sa rufaffen takalmi. Wato yaron da ke wasa a rairayin tsakar gida ƙafarsa na samun horon da ɗan sau-ciki ba ya samu. A share masa ƙaya da kwalba kawai.

Karkacewar da ba a wasa da ita

Nan ne ya kamata hankalinmu ya fi karkata, domin waɗannan su ne ke cika layin asibitin ƙashi na Dala da ke Kano.

Idan lanƙwasar ƙafar yaro ta yi tsanani, ko tana ƙaruwa bayan shekara 2 zuwa 3, ko ta gefe ɗaya ce, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, a yi zargin laushin ƙashi. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ne ke kawo shi. A wurinmu rana ba ta yi ƙaranci ba. Binciken da Tom Thacher ya jagoranta a Jos kan yara 123, wanda ya fito a 1999, ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili, kuma yaran da aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Yaron da aka yaye aka ɗora kan koko da tuwo, babu madara babu nono babu ƙananan kifi, shi ne ke cikin haɗari. Takalmi ba ya gyara wannan.

Akwai jaririn da ake haifa ƙafarsa a murɗe, tafin na kallon ciki, kimanin 1 cikin haihuwa 1,000. Da hanyar da Ignacio Ponseti ya ɓullo da ita a Jami'ar Iowa, ana miƙar da ita a hankali da ɗaurin filasta mako-mako, sau 5 zuwa 6 galibi, a ɗan tsaga agara, sannan yaron ya riƙa kwana da wasu takalma masu sanda a tsakani har ya kai shekara 4 ko 5. Fiye da kashi 90 cikin 100 suna tafiya lafiya in an fara da wuri. In aka zauna jiran ya girma, a kan gefen ƙafa zai yi tafiya.

Sai tsohuwar karaya. Akwai maɗora masu hannu, amma karayar da ta shiga gaɓar idon sawu ko ta gwiwa, in ta haɗe a karkace, ko ƙafar ta gajarce, shekaru kaɗan sai amosani. Yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan ɗara ɗaya kuma ba ya damunsu. Amma wani bincike na 2010 kan mutum sama da 3,000 ya danganta bambancin santimita 1 ko fiye da amosanin gwiwa. Masu irin wannan, da waɗanda shan-inna ta bari da gajeruwar ƙafa, su ne ƙarin tudu a takalmi ke yi wa amfani na haƙiƙa, bayan an auna.

Ga manya, abin lura shi ne sauyi. Tafin da yake a kwance tun yarinta daban, wanda ya fara kwantawa da girma daban. Mace ce galibi, ta haura 40, mai jiki, wataƙila da hawan jini ko ciwon suga. Sai ta fara jin ciwo da kumburi a bayan ƙashin idon sawu na ciki, ƙafa ɗaya ta fara buɗewa waje, takalmin da ta saba ya daina zama, in aka ce ta yi ɗage a kan wannan ƙafar ita kaɗai ta kasa. Siririyar jijiyar nan mai riƙe kwarmi ce ke saki. Da wuri ana tare ta da shimfiɗa, takalmi mai ƙarfi da motsa jiki. In aka bari ƙafar ta sandare a haka, sai tiyata. Goyon ciki ma yakan ɗan kwantar da kwarmi ya ƙara tsawon ƙafa, musamman cikin fari, amma wannan ƙafa biyu yake shafa kuma ba ya zuwa da kumburin gefe guda. Mai ciwon suga kuwa da ƙafarsa ta kumbura, ta yi ɗumi, tana sauya siffa amma ba ya jin zafi sosai, wannan na gaggawa ne, domin ƙasusuwan na iya rugujewa a ciki bai sani ba.

Na ƙarshe ba a ƙafa yake ba sam. Ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara a Nijeriya, kuma ɗaya daga cikin illolinta shi ne toshewar jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, har ya mutu ya lotse. Ciwon ƙugu sau da yawa a gwiwa ake jin sa. Matashi mai sikila da ya fara ɗingishi, yana jefa ƙafa waje, yana nuna gwiwa, ƙugunsa ne ke buƙatar hoto.

Mai ciwo ya fara daga ina?

Ya fara da tambayar abin da ya sauya a watannin da suka gabaci ciwon: sabon aiki, sabon takalmi, ƙarin ƙiba, doguwar tafiya, ko dogon zama. Ya rage abin da ke tayar da ciwon ba tare da ya kwanta ba, don kwanciya na ƙara raunana tsoka. Ga dunduniya da ƙwauri, miƙar da sha-raɓa a jikin bango da yin ɗage a hankali a bakin dakali, ana hawa ana sauka, suna taimakawa. Ga gwiwa, ƙarfafa cinya da ɗuwawu, ko da tashi da zama ne daga kujera ba tare da dafawa ba. Ana ba irin wannan mako 6 zuwa 12 kafin a ce bai yi ba. In za a gwada shimfiɗa, a fara da mai araha, in ta ƙara ciwo bayan mako 2 a cire ta. Ranar zuwa asibiti a tafi da tsohon takalmin da aka fi sawa, mai gashin ƙashi zai so ganinsa.

A yi hattara da haɗin ƙwayoyin da ake ƙullowa a kemis da sunan maganin sanyi. Diclofenac, Ibuprofen da Piroxicam duk dangi ɗaya ne, haɗa su ko daɗewa a kansu na jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Dexamethasone da Prednisolone da ake cusawa a ciki kuma, in aka daɗe ana sha, suna raunana ƙashi, har suna iya kashe kan ƙashin cinya kamar yadda sikila ke yi.

Akwai kuma ciwon da ba a tsayawa duba tafi a kansa. Gaɓar da ta kumbura ta yi ja da zafi, tare da zazzaɓi. Ciwon baya mai hana barci, da rama da gumin dare, wanda tarin fuka na ƙashin baya kan zo da shi. Ciwon baya da ƙafa ke mutuwa ko ta yi nauyi, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko fitsari da bayan gida suka fara kuɓucewa. Wannan na ƙarshen a ranar ake kai shi asibiti, domin jijiyoyin da aka danne ba sa jira.